Gazet, Sakula, Littafi ko WhatsApp: Wanne Za Ka Dogara da Shi a Lissafi da Haraji?

A satin farko na Janairun 2026 wani Alhaji da nake riƙe wa littattafan shago a Kantin Kwari ya hawo benen ofishinmu a Fagge yana haki, waya a hannu. Ko gaisawa ba mu gama ba ya danna mini wani saƙon murya. Wani mutum ne mai murya irin ta masu shela, yana rantsuwa cewa daga sabuwar shekara duk kuɗin da ya shiga asusun mutum gwamnati za ta yanki nata, sai dai in wanda ya turo ya rubuta "kyauta" a wajen bayani. Alhaji ya ce, "Akanta, don Allah gaya mini gaskiya, in kwashe kuɗina in mayar gida?" Na ce, "Alhaji, zauna tukuna a kawo ruwa. Shi mai maganar ya faɗi sashe na nawa ne a dokar?" Muka sake saurara har ƙarshe. Babu sashe, babu sunan doka, babu kwanan wata.

Kwana biyu bayan haka 'yar yayata, wadda take ajin ƙarshe tana karanta akanta, ta kawo mini babi na biyu na kundinta na kammala karatu, wato babin bitar abin da masana suka rubuta, in duba. A shafi na uku na ga ta rubuta cewa harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya da hidimomi, a Najeriya kashi 5 ne cikin ɗari. Na ja layi da jan biro. Ta ce, "Kawu, ai daga littafi na ɗauko," ta zaro shi daga jaka, bangonsa sabo fil. Littafin bai yi ƙarya ba. A lokacin da aka buga shi kashi 5 ɗin ne, kuma haka yake tun 1994. Amma tun ran 1 ga Fabrairun 2020 ya koma kashi 7.5. Ita tana da littafi, Alhaji yana da saƙon murya, dukansu kuma sun taho da abin da ba zai fisshe su ba.

Ni abin da nake fara tambayar kaina kafin in buɗe komai shi ne: a gaban wa zan kare wannan amsar? In jami'in haraji ne, abin da yake saurara daban. In malamin da ke duba kundi ne, nasa daban. In banki ne ko abokin haɗin jari da ke son ganin asusun shekara, shi ma daban. Wuraren da ake neman bayani ba su da yawa, amma kowanne yana da inda yake da ƙarfi da inda yake kai mutum ya baro.

Mu fara da dokar kanta, tunda waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ran 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokoki huɗu: dokar haraji ta Najeriya, dokar tafiyar da haraji, dokar da ta kafa NRS, hukumar karɓar harajin tarayya, a madadin tsohuwar FIRS, da dokar hukumar haɗin gwiwa ta masu karɓar kuɗin shiga. Biyun farko sun fara aiki ran 1 ga Janairun 2026, kuma sun haɗe tsofaffin dokoki da dama da muka saba buɗewa ɗaya bayan ɗaya: ta harajin kamfanoni, ta harajin ɗaiɗaikun mutane, ta VAT, ta ribar sayar da kadara. Duk wanda zai yi jayayya da hukuma, ko zai ba wani shawara ya karɓi kuɗi, ba shi da madogarar da ta wuce matanin nan. Ana samunsa kyauta a intanet, kuma in ka ce "sashe kaza" ka nuna shi, magana ta taƙaita.

Sai dai matanin doka yana da tarko biyu. Na farko, abin da ke yawo da sunan doka sau da yawa daftari ne. Daftarin da aka kai majalisa a Oktoban 2024 ya nemi a ɗaga VAT zuwa kashi 10, a ci gaba da hawa har 15. Kowa ya tuna hayaniyar da aka yi a Arewa kan yadda za a raba kuɗin, har gwamnoni suka sa baki. Majalisa ba ta yarda da ƙarin ba, VAT ya tsaya a 7.5. Amma har yau kwafin wancan daftarin yana cikin wayoyin mutane, da suna iri ɗaya da dokar. Kafin ka dogara da kwafi, duba shafin farko: akwai lambar gazet, wato jaridar gwamnati da ake buga dokoki a cikinta, akwai ranar da aka buga? Ko gazet ɗin ma sai da aka yi ce-ce-ku-ce a kansa, domin a Disambar 2025 ɗan majalisar wakilai Abdussamad Dasuki daga Sakkwato ya miƙe a zauren majalisa ya ce abin da aka buga ya saɓa da abin da suka amince da shi. Tun daga lokacin, duk takardar da na rubuta wa mai hulɗa da ni sai na ambaci kwafin da na duba da inda na samo shi.

Tarko na biyu shi ne Turancin doka ba ya yi wa kowa sassauci. Kalma ɗaya takan ɗauki ma'ana dabam a dokoki dabam. Ɗauki "ƙaramin kamfani". A dokar kamfanoni ta 2020, wadda CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ke aiki da ita, daga cikin sharuɗɗan akwai cewa cinikin shekara kada ya wuce naira miliyan 120, dukiyar da ta rage bayan cire bashi kuma kada ta wuce miliyan 60. A fannin haraji kuwa, dokar kuɗi ta 2019 ta yafe harajin kamfani ga wanda cinikinsa bai wuce miliyan 25 ba, ta sa kashi 20 ga matsakaita, kashi 30 ga manya. Sabuwar doka ta sake ɗaga wannan iyakar, kuma a rubuce-rubucen 2025 za ka ga wani ya ce miliyan 50, wani ya ce 100. Na sha ganin mai kamfani ya ɗauko adadin CAC ya tafi da shi ofishin haraji yana ɗaga murya. Doka ce ya karanta, amma ba wadda ake magana a kanta ba.

Kada kuma wani ya zubar da tsofaffin dokokin. In hukuma ta zo binciken asusun 2023, da dokar 2023 za a auna ka, kuma an saba suna iya komawa baya har shekara shida. Harajin ilimi kaɗai ya isa misali: kashi 2 ne da, dokar kuɗi ta 2021 ta mai da shi 2.5, ta 2023 ta mai da shi 3, yanzu kuma an narkar da shi cikin harajin raya ƙasa na kashi 4. Adadi huɗu, kowanne daidai ne a shekararsa. Ni dai ina da fayil ɗaya ga kowace shekara, kuma ban taɓa yin da-na-sanin wurin da suka cinye a kabad ba.

Na biyu a daraja su ne takardun da hukumomin haraji ke fitarwa da kansu: sakula (wato takardar bayanin da hukuma ke rarrabawa), sanarwar jarida, jagorar cike fom, da abin da suke sawa a shafukansu. Amfaninsu shi ne suna gaya maka yadda hukuma ta fahimci dokar da yadda take so a bi ta a aikace, wane fom, wace rana, ta wace hanya. Doka ba za ta koya maka inda za ka danna a kwamfuta ba. Don aikin yau da kullum, irin tura VAT kafin 21 ga watan da ke biye, ko miƙa bayanan harajin ma'aikata na shekara kafin ƙarshen Janairu, babu abin da ya kai su sauƙi. Raunin su shi ne sakula fassarar mai karɓa ce, ba doka ba ce. In ta yi karo da matanin doka, matanin ne ke gaba. Mai karɓa kuwa ba kasafai yake fassara wa kansa asara ba.

A nan ne ya kamata 'yan kasuwar Kano su tsaya su gane wa ke karɓar nasu, domin rabin ruɗanin daga nan yake. Yawancin masu shaguna a Kwari da Singa da Sabon Gari ba kamfani mai rajistar "Limited" suke da shi ba, sunan kasuwanci ne kawai, wasu ma babu. Irin waɗannan harajin ribarsu na ɗaiɗaikun mutane ne, kuma hukumar tattara kuɗin shiga ta Jihar Kano, KIRS, ita ce mai karɓa, haka ma harajin albashin yaran shago da ma'aikata. Harajin kamfani da VAT kuwa na tarayya ne. Sai ka ga mutum ya kwana yana karanta bayanin harajin kamfanoni alhali ko kusa bai shafe shi ba. Shafukan tarayya sun fi yawan rubutu. A matakin jiha da ƙaramar hukuma kuwa, sau da yawa taka ƙafa zuwa ofis ya fi, amma da sharaɗi: duk abin da aka gaya maka da baki, roƙi a rubuta, a buga hatimi. Tsohon akawun da ya koya mini aiki, wanda ya ga lokacin da Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali bayan hawansa mulki a 1979, yakan ce abin da ya tsira daga wancan zamani zuwa yau shi ne rasit.

Sai sharhin manyan kamfanonin akanta: PwC, KPMG, Deloitte da EY. Gaskiya a faɗe ta, ni kaina daga nan nake fara karatu duk lokacin da aka yi sabuwar doka. Cikin 'yan kwanaki suke fitar da taƙaitawa, kyauta, da jadawalin da ke jera tsohon hukunci kusa da sabo, kuma galibi suna ambaton sashe, wanda shi ne abin da ya raba su da mai saƙon murya. Wanda ba shi da lokacin karanta ɗaruruwan shafuka zai fahimci inda aka dosa cikin awa ɗaya. Amma ka san da wa suke magana. Abokan hulɗarsu bankuna ne da kamfanonin mai da na sadarwa, saboda haka za su yi shafi biyar kan cinikayya tsakanin kamfani da uwarsa ta ƙasar waje, su yi layi biyu kan abin da ya dami mai injin casar shinkafa a Sharaɗa. Kuma a ƙasan kowace takarda sun rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa wannan ba shawara ba ce, kada a dogara da ita. Ba za ka kai wa jami'i ita a matsayin hujja ba. Taswira ce mai nuna maka ƙofar da za ka shiga a cikin dokar.

Ga misalin da ke nuna amfanin haɗa su biyun. Taƙaitawa za ta ce maka kayan abinci na yau da kullum "babu VAT". Dillalin hatsi a Dawanau zai ce to ai da ma babu. Amma akwai bambanci tsakanin kayan da aka keɓe daga VAT da kayan da aka sa musu VAT na sifili. A na farko, ba ka karɓa daga mai saye, kuma VAT ɗin da ka biya wajen sayen kayan aiki ya tafi ke nan. A na biyu, ba ka karɓa, amma kana da damar neman a mayar maka da wanda ka biya. Sabuwar doka ta sa kayan abinci na asali a rukuni na biyu, ta kuma faɗaɗa abin da ake iya neman a mayar har ya haɗa da hidimomi da manyan kayan aiki. Ga mai sarrafa abinci da ya sayi injuna, wannan kuɗi ne na gaske. Sharhi zai ankarar da kai, amma jerin kayan da abin ya shafa sai ka buɗe dokar.

Littattafan karatu fa? Ina girmama su, da su muka tashi. Don koyon tushe, yadda ake shigar da kowane ciniki sau biyu, yadda ake daidaita littafin kuɗi da takardar banki, yadda ake rage darajar mota ko janareta shekara-shekara, tsohon littafi ma yana aiki, a nan kam da tsohuwar zuma ake magani. A haraji ne zumar ke tsami. Littafin haraji yakan fara tsufa tun yana wajen ɗab'i, balle wanda aka sake wa bango ko aka yi hotokwafinsa aka yar da shafin da ke ɗauke da shekarar bugu. Littattafan shirya jarrabawa na ICAN, ƙungiyar akantocin da aka kafa da doka a 1965, da na ANAN, ita ma ta akantoci, mai kwaleji kusa da Jos, da na CITN ta masana haraji, sun fi na kasuwa, domin ana sabunta su bisa manhaja kuma da dokar Najeriya aka rubuta su. Ko su ɗin, duba na wace shekara ne. Duk littafin da har yanzu yake koya maka lissafin harajin albashi da matakan kashi 7, 11, 15, 19, 21 da 24, tare da rangwamen nan na naira 200,000 da kashi 20, tsohon tsari yake koyarwa. A sabon, naira 800,000 ta farko a shekara babu haraji, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, har a kai 25 a sama. Mai albashin 100,000 a wata, kafin a cire masa fansho da rangwamen haya, harajinsa a kan 400,000 ne kawai, wato 60,000 a shekara.

In aka bar haraji aka koma tsara asusu da aikin odita, wato mai binciken asusu, lamarin ya fi sauƙi, domin tushen a fili yake kuma ba ya canzawa kowace shekara. Hukumar FRC, wadda aka kafa da dokar 2011, ita ke da iko kan rahoton kuɗi a Najeriya, kuma daga 2012 ƙasar ta fara komawa IFRS, wato ƙa'idojin tsara asusu na duniya. Gidauniyar da ke fitar da su tana Landan, kuma in ka yi rajista a shafinta za ka karanta matanin ba tare da ka biya ba. Ƙa'idojin odita na duniya, ISA, su ma kundinsu kyauta ne a shafin hukumar IAASB. Abin mamaki shi ne yadda matasa ke tsallake waɗannan su tafi YouTube. Ban hana kallon bidiyo ba, wasu malaman Indiya da Pakistan sun iya bayani ƙwarai. Amma wanda ke Amurka da ƙa'idojin ƙasarsu yake koyarwa, inda aka yarda a lissafa kaya a kan cewa na ƙarshen shigowa shi ke fara fita. Ƙa'idar IAS 2, wadda ke cikin IFRS ɗin da muke bi, ta hana wannan. Ita ce kuma ta ce a rubuta kayan sito a kan mafi ƙanƙanta tsakanin kuɗin da aka saye su da abin da za su iya kawowa yanzu. Wanda ya tara masara da tsada farashi ya faɗi kafin ƙarshen shekara, dole asusunsa ya nuna faɗuwar, ko da buhu ɗaya bai fita ba. Haka ISA 501 ta ɗora wa odita ya halarci ƙidayar kaya in suna da yawan da zai shafi asusu. Na taɓa wuni a wani sito muna ƙirga dilolin shadda da atamfa, ƙura har cikin kunne, kuma bambancin da muka samu tsakanin littafi da abin da ke ƙasa babu bidiyon da zai nuna maka shi.

Su ma ƙa'idojin suna da kwanan wata. IFRS 16 ta maye gurbin IAS 17 kan haya tun 2019, IFRS 18 kuma za ta maye gurbin IAS 1 kan yadda ake gabatar da asusu daga Janairun 2027. Mai aikin asusun gwamnati nasa ƙa'idojin daban ne, sunansu IPSAS. Wanda bincikensa ya shafi bankin Musulunci, kuma a Kano suna da yawa tunda bankin Jaiz ya buɗe a nan tun 2012 kuma Jami'ar Bayero tana da cibiya guda kan wannan fanni, sai ya haɗa da ƙa'idojin AAOIFI, hukumar da ke Bahrain mai tsara wa bankunan Musulunci, da jagororin Babban Bankin Najeriya. Murabaha (sayarwa da ribar da aka bayyana) da ijara (haya) ba a fahimtarsu daga littafin da aka rubuta don bashi mai ruwa.

Hukuncin kotu ba kowa ke buƙatarsa ba, sai an kai ga jayayya. Akwai kotun sauraron ƙorafin haraji, kuma ta shiyyarmu a Kaduna take zama. Manhajojin neman hukunce-hukuncen kotu irin LawPavilion na biya ne, kuma ga ƙaramin ofis na fi ganin a nemi lauya ya duba sau ɗaya da a ɗauki nauyin biyan shekara. Abin kiyayewa shi ne hukunci yana da matakai. A Agustan 2021 babbar kotun tarayya a Fatakwal ta yanke cewa Jihar Ribas ce ke da ikon karɓar VAT a cikinta. Labari ya bazu, wasu suka ɗauka an gama. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce kowa ya tsaya a inda yake, kuma tarayya ta ci gaba da karɓa. Wanda ya karanta kanun labarin farko ya daina biya, tara ce ta jira shi.

Ɗalibi mai rubuta kundi buƙatarsa ta bambanta, domin shi ana so ya nuna abin da masana suka gano, ya kuma kawo alƙaluma. Google Scholar wurin nema ne, ba wurin tacewa ba, yana kawo gari da tsakuwa tare. AJOL, mai tattara mujallun Afirka, da rumbunan maƙalu irin DOAJ da SSRN sun fi tsabta, ko da yake a SSRN akwai rubutun da ba a riga an tantance ba. Laburaren jami'a kuma yakan sami damar shiga manyan rumbunan mujallu da ɗalibi ba zai iya biya da kansa ba, matambayi dai ba ya ɓata. Mujallar da za ta karɓi kuɗinka yau ta buga maka jibi, wadda a fitowa ɗaya ta haɗa lissafi da noman rani da ilimin taurari, ka bar ta ko da malami ne ya yi rubutu a ciki. Shagunan da ke sayar da kundi gamamme kuwa, ka lura da su: sunan jiha kawai ake canzawa, alƙaluman na nan yadda suke.

Alƙaluma kam gara ka je inda aka haife su. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta NGX dole su wallafa rahoton shekara da odita ya sa wa hannu, kuma ana sauke shi kyauta, har da na kamfanin fulawa na Arewa da ke Bompai. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, tana fitar da abin da aka tara na VAT da harajin kamfanoni, da kuɗin shigar da jihohi ke tarawa da kansu. Babban Banki yana da kundin alƙaluma na shekara-shekara. Mai binciken kuɗin gwamnati kuma yana da rahoton babban odita, wanda tsarin mulkin 1999 ya wajabta a sashe na 85 ga tarayya da na 125 ga jihohi. Jarida tana da amfani wajen sanar da kai cewa rahoto ya fito, amma kada ka kwafi adadi daga gare ta. Biliyan da miliyan harafi ɗaya ne ya raba su, kuma na sha ganin ya sulluɓe.

ChatGPT da 'yan'uwansa ina amfani da su, ba zan ɓoye ba. Suna sauƙaƙa jimla mai wuya, suna taimakawa wajen tsara wasiƙa. Amma suna iya ƙirƙiro sashe ko sunan shari'a ko maƙala da babu su, su faɗa maka babu ko ɗar, kuma suna cakuɗa tsohuwar doka da sabuwa. Na mai da su kamar yaron shago mai kaifin baki: in ya ce kaya na sito, sai na je na gani. WhatsApp da TikTok kuwa amfaninsu ɗaya, suna gaya mini tambayar da za a kawo mini gobe.

To, wa zai zaɓi me? Ɗan kasuwar da ba karatun ya dame shi ba, kada ya wahalar da kansa da gazet. Ya nemi akanta ko masanin haraji mai rajista da ɗaya daga cikin ƙungiyoyin nan, ya tambayi lambarsa, kuma duk shawarar da aka ba shi ya ce a rubuta masa da sashen da aka dogara da shi. Wanda ya ƙi rubutawa ya gaya maka abin da kake buƙatar sani game da shi. Matashin akanta mai ƙaramin ofis, in kuɗinsa kaɗan ne, na fi so ya kashe su wajen buga sababbin dokokin biyu a ɗaure masa su, da data, da halartar bitar ƙungiyarsa, maimakon tulin littattafai. Ya fara da sharhin manyan kamfanoni, ya tabbatar a doka, ya duba sakula don sanin yadda ake so a cike. Ɗalibi kuma ya riƙe littafi don tushe, mujallu masu tantancewa don babi na biyu, rahotannin asali don alƙaluma, kuma duk adadin haraji da zai rubuta ya sa shekararsa kusa da shi. 'Yar yayata haka ta yi, jimlar ta koma: kashi 5 daga 1994, kashi 7.5 daga 2020.

Shi kuwa Alhaji bai kwashe kuɗinsa ba. Na nuna masa cewa a kan riba da kuɗin shiga ake biyan haraji, kuma kalmar da aka rubuta a wajen tura kuɗi ba ta mai da ciniki kyauta. Da zai tashi sai ya laluba aljihun babbar riga ya ce, "Af, ga wata takarda ma da aka kawo shago kwanaki, yara suka ajiye a durowa." Takardar ƙiyasin haraji ce, da hatimi da kwanan wata. Doka ta ba mutum kwana 30 ya rubuta ƙorafi in bai yarda da adadin ba. Na ƙirga a kalandar bango, saura kwana takwas. Na ce, "Alhaji, aika a kawo mini littafin ciniki da takardun banki yau ɗin nan, kafin la'asar."